Ali Farka Touré: tambayoyi da amsoshi kan manomin Niafunké da duniya ta naɗa sarkin blues na hamada

Duk wanda ya shiga motata ya tarar da kiɗan Ali Farka Touré na tashi, tambayoyinsa ba sa wuce iri ɗaya: wane ne wannan, da wane yare yake waƙa, me ya sa kiɗan ya yi kama da namu, yana raye kuwa? Ya rasu tun 2006, Allah ya jiƙansa. Na tattara tambayoyin da na fi sha, tare da waɗanda ni kaina na yi wa kaina a shekarun da na kwashe ina sauraronsa, na amsa su gwargwadon abin da na sani.

Wane ne Ali Farka Touré?

Makaɗin jita ne, mawaƙi, manomi, kuma a ƙarshen rayuwarsa magajin garin Niafunké da ke arewacin Mali. Sunansa na yanka Ali Ibrahim Touré. An haife shi a 1939 a ƙauyen Kanau, a gaɓar Kogin Kwara, cikin yankin Timbuktu. Yana jariri mahaifinsa ya rasu a aikin sojan Faransa, iyalin suka koma Niafunké, garin da ke bakin kogin tsakanin Mopti da Timbuktu. A can ya tashi, can ya yi noma, can aka binne shi. Ta wajen uba Basonghe ne, wato dangin Zabarmawan Nijar, kuma yana da jinin Fulani.

Kafin kiɗa ya ciyar da shi ya taɓa sana'o'i da dama: ya yi direba, ya yi kanikanci, ya tuƙa jirgin ruwa a kogi. Ana jin wannan a hannunsa. Mutumin da ya saba da sitiyari da sifana ba ya wasa da kayan aiki.

Me "Farka" ke nufi?

Jaki, a harshen Songhai. Shi ne ɗa na goma a wurin mahaifiyarsa, kuma shi kaɗai ya rayu ya wuce ƙuruciya. Tara sun riga shi komawa. Bahaushe ya san wannan hali sarai. Mace mai wabi idan ta gaji da binne 'ya'ya sai ta laƙaba wa na gaba suna irin su Ajuji ko Ayashe, don mutuwa ta raina shi ta wuce. Su ma a can haka al'adar take, sai aka kira yaron Farka, sunan kuma ya dace da shi saboda juriya da taurin kai. Da ya girma bai ji kunyar sunan ba. Yakan ce shi jaki ne, amma jakin da ba mai hawansa.

Gadon kiɗa ya yi?

A'a, kuma wannan shi ne tsaunin farko da ya hau. A Mali, kamar a ƙasar Hausa ta da, kiɗa sana'ar gida ce: akwai zuriyar makaɗa da maroƙa, akwai waɗanda ake yi wa kiɗa. Gidan su Ali na cikin kashi na biyu, don haka ba wanda ya yi murna da ganin yaro yana bin masu goge. Yana ɗan shekara 12 ya haɗa wa kansa wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake kira jerkel, ɗan'uwan gurmi, daga baya ya kama njarka, wadda ba ta da maraba da gogenmu: ƙoƙo, fata, tsirkiyar gashin doki, da ɗan baka na gogawa.

Jita ta zo daga baya. A 1956 ya ga Keïta Fodéba, mutumin Gini da ya kafa ƙungiyar rawa da kiɗa ta Ballets Africains, yana kaɗa jita, ya sha alwashin sai ya iya. Da jitar aro ya koya, kuma abin da ya yi shi ne ya kwashe kiɗan da ya iya da tsirkiya ɗaya ya zuba shi a kan tsirkiya shida. Bayan Mali ta samu 'yancin kai a 1960, gwamnatin Modibo Keïta ta kafa ƙungiyoyin al'adu a gundumomi, Ali ya zama jigo a ta Niafunké. Sai a 1968, da aka tura su bikin al'adu a Sofia, babban birnin Bulgeriya, ya sayi jitar kansa ta farko. Lokacin yana dab da shekara 30.

Shi blues ɗin ma mene ne?

Kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne, jikokin bayi. Ya tsiro a ƙarshen ƙarni na 19 a gonakin auduga, musamman a fadamar Kogin Mississippi, daga waƙoƙin aiki, kiraye-kirayen gona, da waƙoƙin coci. Asalinsa mutum ɗaya ne da jitarsa, yana faɗin damuwarsa: talauci, bashin mai gona, matar da ta tafi, jirgin ƙasan da yake fatan ya ɗauke shi zuwa arewa. Yakan faɗi baiti, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya rufe, jitar tana amsa masa kamar 'yan amshi. An fara naɗar sa a faifai sosai daga 1920. Daga cikinsa aka samu kaso mai yawa na kiɗan zamani da ya mamaye duniya.

To Ali ne ya kwaikwayi Amurkawa, ko su ne suka ɗauko daga nan?

Wannan ita ce tambayar da ta bi shi har kabari, kuma ita ta fi ɓata masa rai.

A ƙarshen shekarun 1960, a Bamako, aka sa masa faifan John Lee Hooker, wani gwanin blues haifaffen Mississippi. Hooker ba ya bin ƙa'idar sauya sauti da yawancin makaɗan blues ke bi. Yakan tsaya a kan sauti ɗaya yana juya shi, yana buga ƙafa a ƙasa, yana gurnani da murya. Ali ya ce da ya ji, ɗauka ya yi kiɗan ƙasarsu ne, yaren kawai ya bambanta. A lokacin ya riga ya shekara fiye da goma yana kaɗa jita a salon da ya ɗauko daga jerkel da njarka da kiɗan Fulani da na Buzaye. Ba ya musun cewa ya saurari mawaƙan Amurka irin su Hooker da Otis Redding da James Brown, ya kuma ji daɗinsu. Abin da ya ƙi yarda da shi shi ne a kira shi Hooker na Afirka, kamar yadda 'yan jaridar Turai suka riƙa yi. A wurinsa saiwa da gindin bishiyar suna gida, rassa da ganye ne suka kai Amurka.

Masana ba su taru a kan magana ɗaya ba, amma akwai hujjoji masu nauyi a ɓangarensa. An kwashi bayi da yawa daga yankin Senegal da Gambiya da ƙasashen da ke bayansu zuwa kudancin Amurka. A can, turawan gona sun tsorata da ganga. Bayan tawayen bayi na Stono a 1739, yankin Carolina ta Kudu ya kafa dokar hana bayi mallakar ganguna. Abin da aka bari a hannunsu shi ne kayan tsirkiya, su ne kuma mutanen sahel suka fi gwaninta a kai. Banjo, wanda yau ake ganin na turawan karkarar Amurka ne, daga dangin molo da garaya na Afirka ta Yamma ya fito. Har a ƙarni na 20 yaran Mississippi kan ɗaure waya ɗaya a jikin bangon katako su koyi kiɗa da ita kafin su samu jita. Wani masani ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, ya fitar da littafi a 1999 inda ya nuna cewa salon rera blues, da karya murya da jan sauti, ya fi kama da na yankin sahel, daga Mali zuwa arewacin Najeriya da Kamaru. Cikin misalansa har da wani Bahaushe mai goge da ya naɗa a Kamaru, wanda ya jera waƙarsa da ta wani mawaƙin Mississippi.

Ni dai ga inda na tsaya. Blues na baƙaƙen Amurka ne. Su suka sha wuyar da ta haife shi, a gonar auduga da gidan yari da ƙarƙashin dokokin wariya, kuma ba daidai ba ne mu ce namu ne kawai aka ara. Amma irin da suka shuka da shi suka tafi, kuma Ali yana cikin waɗanda suka ci gaba da noma wannan irin a gonar asali. Kalmar "blues na hamada" 'yan kasuwar faifai ne suka ƙirƙiro ta. Ta taimaka an sayi kiɗansa, ta kuma sa mutane da yawa suna jinsa a matsayin reshe alhali shi a gindi yake.

Me ya sa kunnen Bahaushe ke jin kamar ya san kiɗan?

Saboda ya san shi. Wata rana na ɗauko baffana daga asibiti zan mai da shi gida, tsoho ne da bai taɓa jin sunan Mali a bakin wani makaɗi ba. Kiɗan Ali na tashi ƙasa-ƙasa. Mun yi tafiyar minti biyar bai ce komai ba, sai na ga yatsarsa tana ƙwanƙwasa sandarsa daidai da bugun ƙwarya. Can ya ce, "Kai ɗana, wannan mai gurmin ɗan wane gari ne?" Na ce, "Baffa, jita ce, kuma mutumin Mali ne." Ya girgiza kai ya ce, "Ko da me yake kaɗawa, hannun hannun mai gurmi ne." Ya sa na maimaita waƙar sau biyu kafin mu kai ƙofar gida.

Baffa bai yi kuskure ba. Kiɗan arewacin Mali, kamar yawancin namu, a kan sauti biyar aka gina shi. Ali yana kaɗawa da babban yatsa da manuniya: babban yatsan yana riƙe da sautin ƙasa ba ya saki, manuniyar tana yawo a sama tana bin murya, kamar yadda mai gurmi ko mai kuntigi ke yi. A bayansa akwai ƙwarya da aka kife ana bugawa, sai 'yan amshi biyu ko uku. Idan ya ajiye jita ya ɗauki njarka kuwa, ba wanda zai rantse ba a Dosso ko Argungu aka naɗi kiɗan ba. Kogin da ya wuce ta ƙofar gidansa shi ne ya bi ta Gao, ya ratsa Yamai da Gaya, ya shigo Yawuri. Fatake, masunta, makiyaya da almajirai sun shekara ɗaruruwa suna bin wannan hanya, da kayan kiɗansu a rataye.

Da wane harshe yake waƙa, kuma me yake cewa?

Mafi yawa da Songhai da Fulatanci, sai Buzanci da Bambara, jefi-jefi Faransanci. Wanda ya iya Zabarmanci zai tsinci kalmomi da dama. Ba maroƙi ba ne, don haka ba za ka ji jerin sunayen attajirai ba. Yana kiran matasa su kama aiki, yana yabon manoma da makiyaya, yana maganar ilimi, zumunci tsakanin ƙabilun arewa, fari, ƙaura, da soyayya. Yankin da ya fito ya sha farin shekarun 1970 da na 1980, ya kuma sha tawayen farkon shekarun 1990, don haka idan ya yi waƙar zaman lafiya tsakanin Songhai da Fulani da Buzaye, maƙwabtansa yake nufi.

Gaskiya ne yana da alaƙa da aljanu?

Musulmi ne mai riƙo da sallah, kuma bai ɓoye cewa ya tashi a cikin al'adar iskokin kogi ba. A yankin Niafunké ana kiran wannan al'ada Ghimbala, kuma da goge da ƙwarya ake kiran iskokin, kamar yadda ake yi a bori a nan, da kuma wasan iskoki na Zabarmawa. Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa yana ɗan saurayi wani abu ya same shi da dare a daji, ya riƙa faɗuwa, aka kai shi wani gari neman magani ya shekara guda, kuma daga nan hannunsa ya buɗe. Yana girmama njarka fiye da jita, yana cewa ba abin wasa ba ce, akwai kiɗan da ba ya taɓawa sai da dalili.

Mai karatu na iya ƙyamar wannan ɓangare, kuma yana da hujjarsa ta addini. Na kawo shi ne don ba a fahimtar nauyin da ke cikin kiɗan mutumin idan aka cire shi. Hisabinsa yana wurin Ubangijinsa, mu namu addu'a.

Yaya aka yi duniya ta san shi?

A 1970 ya kama aiki a Radio Mali a Bamako, yana kula da na'urorin naɗar sauti. Wannan ya ba shi damar naɗar kiɗansa da kansa, yana aika wa wani kamfani a Paris da ke buga faifai. Mutanen Mali sun san shi ta rediyo tun lokacin. A 1980 ya tattara ya koma Niafunké.

Ɗaya daga cikin faya-fayan Paris ɗin, mai jan bango, ya faɗa hannun masu gabatar da kiɗa a rediyon BBC, cikinsu har da Andy Kershaw, suka riƙa sa shi. Wani ƙaramin kamfani na Landan, World Circuit, ya tura Anne Hunt Bamako neman sa. Ba adireshi, ba waya, sai aka yi cigiya a Radio Mali. Aka yi sa'a yana cikin birnin a lokacin, ya ji sanarwar ya zo da ƙafarsa. A 1987 ya yi wasa a Ingila, daga nan kuma ya ƙulla da Nick Gold na kamfanin World Circuit, wanda ya shirya kusan duk faya-fayansa har ƙarshen rayuwarsa. Faifan The River ya fito a 1990, The Source ya biyo baya tare da Taj Mahal, wani makaɗin blues na Amurka. Sai Talking Timbuktu a 1994, wanda suka naɗa a Los Angeles shi da Ry Cooder, wani makaɗin jita Ba'amurke, shi ne ya kai sunansa ko'ina. A kan wannan faifai ne ya yi maganar da na fi so a cikin maganganunsa: cewa wasu idan sun ji Timbuktu sai su ɗauka ƙarshen duniya ne, alhali shi ɗan can ne, kuma yana shaida musu cewa tsakiyar duniya suke.

A 2003 ya fito a fim ɗin tarihin blues da Martin Scorsese ya shirya, inda wani matashin makaɗi Ba'amurke, Corey Harris, ya bi sawun kiɗan daga Mississippi har Niafunké ya zauna da shi a bakin kogi.

Lambar Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, nawa ya ci?

Uku. Ta farko a 1995 da Talking Timbuktu. Ta biyu a watan Fabrairun 2006 da In the Heart of the Moon, faifan da ya yi da makaɗin Mali Toumani Diabaté, makonni kaɗan kafin rasuwarsa. Ta uku a 2011, bayan ya kusa shekara biyar a ƙasa, da Ali and Toumani.

Da gaske ne ya juya wa yawon duniya baya ya koma gona?

Da gaske ne, kuma a daidai lokacin da kasuwarsa ta fi ci. Bayan Grammy ta farko ana ta kiransa Turai da Amurka, shi kuwa sai ya riƙa rage tafiya. Idan aka tambaye shi sana'arsa, manomi yake cewa. Kuɗin da ya samu a kiɗa ya zuba su a injinan ban-ruwa, ya jawo ruwan kogi zuwa gonakin shinkafa, ya dasa itatuwan marmari, ya yi kiwo, ya ɗauki mutane aiki. A ƙasar da damina ke yawan yaudara, injin ban-ruwa ɗaya na iya raba gari da yunwa. Na duƙe tsohon ciniki, in ji Bahaushe, kuma Ali ya yarda da haka har zuci. Yana kuma ganin cewa idan ya daɗe nesa da ƙasar da kiɗan ya fito, kiɗan zai tsinke masa.

Da kamfanin ya ga ba zai fito ba, sai ya bi shi. Nick Gold da injiniyansa suka lodo na'urori da janareta da dogayen wayoyi suka yi doguwar tafiya zuwa Niafunké, suka kafa a wani tsohon gini da aka yi watsi da shi a gefen gari. Sai ya gama da gona yake zuwa a naɗa, yawanci da yamma ko da dare. Faifan da aka samu ya fito a 1999, sunansa Niafunké. Ka saurare shi da kyau: babu ƙyalƙyali, jitar lantarki tana da kaushi, ƙwarya da ganguna suna kusa da kunne, muryoyin amshi na mutanen da suka yini tare ne. A ganina a nan ne ya fi zama shi kansa.

Me ya yi da ya zama magajin gari?

An zaɓe shi a 2004. Gari ne da ba shi da kuɗin shiga na kirki, don haka daga aljihunsa ya riƙa gyara hanyoyi, ya haƙa magudanan ruwa, ya sayi man janaretan da ke ba garin wuta. Shekara biyu kawai ya samu a kujerar, mafi yawansu kuma da ciwo a jikinsa.

Yaya ya rasu?

Ciwon daji na ƙashi ne. Ya daɗe yana fama da shi, yana aiki a haka. Allah ya yi masa rasuwa a gidansa na Bamako a farkon watan Maris na 2006, yana da shekara 66. Ma'aikatar al'adu ce ta sanar, gidajen rediyon gwamnati suka dakatar da shirye-shiryensu suka riƙa sa kiɗansa. Gwamnati ta karrama shi da babbar lambar girma ta ƙasa, aka kai gawarsa Niafunké aka yi masa sutura a cikin mutanensa.

Idan ya rasu a 2006, ina aka samo faya-fayan da suka fito bayan haka?

Shekarunsa biyu na ƙarshe sun fi kowane lokaci albarka, kamar mai sauri ya kammala girbi kafin hadari. A 2004 aka kafa na'urori a Otal Mandé na Bamako, a wani ɗaki da ke kallon kogi. A nan ya zauna da Toumani Diabaté, gwanin kora, abin kiɗan nan mai tsirkiya 21 na Mandinkawa. Haɗin ya ba mutane mamaki: Toumani ɗan gidan makaɗa ne na kudu, kaka da kakanni, Ali kuma ɗan arewa ne da ya shigo kiɗa ta taga, kuma salon kudu a kan sauti bakwai yake tafiya. Ashe Ali ya haddace tsofaffin waƙoƙin kudu na shekarun 1950 da 1960. Ba su yi gwaji ba. A zama uku suka gama In the Heart of the Moon.

A wannan otal ɗin ne kuma aka yi aikin Savane, inda ya tara masu ngoni, wato molon Mali, cikinsu har da Bassekou Kouyaté. Ya ji aikin ya amince da shi kafin ya cika, faifan ya fito a watan Yulin 2006. A bangonsa ne aka rubuta masa kirarin sarkin mawaƙan blues na hamada. A 2005 kuma, a Landan, shi da Toumani sun sake zama, tare da Cachaíto López, makaɗi ɗan Kyuba. Ciwo na cin sa a lokacin, wani sa'in sai an dakata, amma ya ƙi a tashi. Wannan ne ya fito a 2010 da sunan Ali and Toumani. Duk ukun yanzu sun tafi: Cachaíto a 2009, Toumani a watan Yulin 2024. A 2023 an sake fitar da wasu naɗe-naɗensa da ba a taɓa ji ba, a faifan Voyageur.

Wa ya gaje shi?

Ɗansa Vieux, wanda aka haifa a 1981. Abin tausayi, uban da danginsa suka hana shi kiɗa shi ma ya so ya hana ɗansa. Soja ya so ya zama, saboda ya ga irin cutar da ake yi wa makaɗa a harkar faifai. Vieux ya koya a ɓoye, Toumani ya shiga tsakani, a ƙarshe Ali ya sa albarka har ya kaɗa a faifan ɗan na farko, yana cikin ciwon ajali. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: Vieux ya yi wasa a bikin buɗe gasar cin kofin duniya ta 2010 a Johannesburg, a 2022 kuma ya sake rera waƙoƙin mahaifinsa tare da ƙungiyar Khruangbin ta Amurka.

Akwai kuma Afel Bocoum, ɗan Niafunké, wanda ya shiga hannun Ali tun yana ɗan shekara 13 ya kuma bi shi shekaru masu yawa yana masa amshi. Idan sanyin muryar gida kake nema, shi za ka bi. Akwai Samba Touré, wanda ya yi faifai sukutum na tunawa da shi. Garba Touré na ƙungiyar Songhoy Blues ɗan Oumar Touré ne, mai buga wa Ali ganga.

Me ya faru da Niafunké bayansa?

Abin da bai so ya gani ba. A 2012 'yan tawaye da ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai suka kame arewacin Mali, har da Timbuktu da Gao da Niafunké. A watan Agustan shekarar aka sanar da haramta kiɗa a yankunan da suke riƙe da su. Makaɗa suka ɓoye kayansu, da yawa suka gudu Bamako, wasu Nijar, Burkina Faso da Muritaniya. Bikin kiɗan hamada da ake yi a yankin Timbuktu, inda Ali ya yi wasa a Essakane a 2003, tun Janairun 2012 ba a sake yin sa a gidansa ba. Sojojin Faransa da na Mali sun karɓe manyan garuruwan a farkon 2013, amma har yanzu yankin bai samu kwanciyar hankali ba. Ƙungiyar Songhoy Blues ma a gudun hijirar nan aka kafa ta, a Bamako, samari 'yan arewa da suka haɗu suna kaɗa wa 'yan'uwansu da suka baro gida.

Ban taɓa jinsa ba. Daga ina zan fara?

Yawancin mutane za su ce Talking Timbuktu, kuma ba laifi, yana da daɗin shiga kunne. Ni shawarata ga Bahaushe daban ce. Fara da Radio Mali, tarin naɗe-naɗensa na shekarun 1970 da aka fitar a 1996: jita, murya, ƙwarya, wani lokaci molo ko goge, ba ƙari. A nan za ka ji abin da baffana ya ji. Daga nan ka wuce Niafunké, sannan Savane. In the Heart of the Moon ka ajiye shi sai dare ya yi, gida ya yi tsit. Kusan babu waƙa a cikinsa, sai ɗan maganar Ali can ƙasa-ƙasa yana yaba wa Toumani idan ya yi wani juyi da ya burge shi. Duk suna nan a YouTube da sauran manhajojin sauraron kiɗa. Lasifikar waya tana cinye sautin babban yatsan nan na ƙasa, don haka ka nemi abin sawa a kunne ko rediyon mota.